Jelifish da Zaman Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Halittar da Ke Cike Gurbin Kifi

Mu da muka tashi nesa da bakin teku, yawancinmu a talabijin ko a waya muka fara ganinta: wata aba mai kamar laima, jiki garau kamar gilashi, tana buɗewa tana rufewa, zaruruwa na reto a ƙarƙashinta. Sunan da ya fi yawo shi ne jelifish, da shi za mu kira ta a nan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta, musamman kan matsayinta a cin juna da halittun gaɓar teku ke yi.

Shin kifi ce?

Ko kusa. Ba ta da ƙaya, ba ta da ɓawo, ba jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa. Danginta na kusa su ne murjani da sauran halittun da ke manne da duwatsun ƙarƙashin teku. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. In igiyar ruwa ta watso ta kan yashi da safe, za ka same ta zube kamar kamu da aka kifar daga kwano, tana sheƙi. Kafin la'asar rana ta shanye ta, sai ɗan tabo mai ƙyalli kamar inda dodon koɗi ya bi. Baki guda gare ta, a ƙasan laimar, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita.

Amma kada rashin ƙwaƙwalwar ya sa a raina ta. Jijiyoyi ne shimfiɗe a jikinta kamar raga, da su take gane haske da sama da ƙasa. Irin nan mai siffar akwati idanu 24 gare ta. Kuma danginta sun haura shekara miliyan 500 a cikin teku, wato sun riga bishiyoyi zuwa duniya, balle mu.

Daga ina suke fitowa da yawa haka a lokaci guda?

Wannan ita ce tambayar da in aka gane amsarta an gane rabin al'amarin. Laimar nan da ake gani tana yawo kashi ɗaya ce kawai na rayuwarta, kuma sau da yawa ba shi ne mai tsawo ba. Namiji da mace suna sakin iri a ruwa, ƙwan ya zama ɗan mitsitsin tsutsa mai iyo. Bayan 'yan kwanaki sai ya nemi wuri mai tauri, dutse ko ɓawon kawa ko ƙarƙashin gada, ya manne. A nan yake rikiɗa ya koma kamar ɗan tsiro, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa ba, bakinsa a sama. Masana suna kiran wannan mataki folif.

Folif na iya zama shekaru a wurin, yana ci, yana tsiro da 'yan'uwansa a gefe ba tare da aure ba, har su rufe dutsen. Ranar da yanayi ya yi daidai, yawanci in zafin ruwa ya sauya, sai jikinsa ya rarrabu hawa-hawa kamar jeren kwanukan amarya, kowane kwano ya ɓalle ya tafi. Kowanne cikinsu jaririyar jelifish ce. To ka lissafa miliyoyin folif suna yin haka a mako guda. Shi ya sa masunci zai kwana ruwansa tas, bayan 'yan makonni ya tarar da shi ya yi kauri kamar kunu. Iska da igiya kuma su tattaro su zuwa lungu ɗaya.

Abin da ya kamata a lura da shi: duk tashar jirgin ruwa da muka gina, duk turken haƙar mai, duk kejin kiwon kifi, sabon masauki ne muka yi wa folif. Sun fi son ƙasan abin da ke rataye, inda laka ba ta binne su.

Me suke ci, kuma yaya abin da ba shi da haƙori yake farauta?

Abincinsu filankton ne, wato ƙananan halittun da ruwa ke yawo da su: 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande, ƙwan kifi, jariran kifi da ba su iya gudu ba tukuna, wani lokaci har 'yan'uwansu jelifish. Ba sa bin kowa da gudu. Duk bugun da laimar ta yi, ruwa take jawowa ya ratsa ta cikin zaruruwan, abin da ya taɓa su ya kamu.

A jikin kowane zare akwai dubban ƙwayoyin harbi, kowace da ɗan mashi a naɗe a ciki da dafi. Da an taɓa, mashin ya fita, cikin saurin da ake lissafa shi a jerin motsin da ya fi kowane sauri a jikin mai rai. Kuma da yake da taɓawa take farauta, ba da ido ba, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta, ruwa ya gurɓace ko ya yi garau. Kifi kuwa sai ya gani. A riƙe wannan bambancin, zai dawo a gaba.

Akwai abin da ke cin su kuwa? Me za a samu a jikin ruwa?

An daɗe ana koyar da cewa jelifish makurar hanya ce: ta cinye abincin kowa, ba mai cin ta. Kuskure ne, kuma yadda aka yi kuskuren abin dariya ne. Masu bincike kan yanka cikin kifi su duba abin da ya ci. Ƙaya da ɓawo suna daɗewa a ciki, ita kuwa jelifish nan da nan take narkewa, sai a rubuta cewa ba a gani ba. Da aka fara gwajin ƙwayoyin halitta a kashin dabbobi, aka kuma ɗaura wa wasu 'yan ƙananan kyamarori, sai labari ya sha bamban. A 2017 an wallafa binciken da ya nuna iri huɗu na tsuntsun fengwin suna kai wa jelifish cafka da gangan, alhali ga sauran abinci a kusa. Kifin tuna na ci, tsuntsayen teku na ci, ƙaguwa na ci, haka ƙaton kifin nan mai faɗi da ake kira Mola mola.

Sarkin masu cin ta shi ne kunkurun teku mai bayan fata, wanda ya fi kowane kunkuru girma a duniya. Kusan ba ya cin komai sai ita. A gaɓar Kanada an bi wasu da kyamara, aka ƙiyasta kowanne na haɗiye kimanin kilo 330 a yini, wajen kashi 73 cikin 100 na nauyin jikinsa. Maƙogwaronsa cike yake da tsinaye masu kallon ciki, don in ya matse ruwan gishiri ya fitar, abincin kada ya biyo. Da wannan cimar mara maiƙo yake ratsa Tekun Atilantika, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da matan ke haƙa rami su yi ƙwai a duniya yana nan gaɓar Gabon.

A nan ne ledarmu ta shigo. Farar leda a cikin ruwa, tana lilo, ba ta da maraba da jelifish a idon kunkuru. Wani nazari na 2009 da ya tattara bayanan gawarwaki sama da 400 ya samu roba a cikin kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsinayen maƙogwaron nan da ke hana abinci dawowa, su ne ke hana shi amayar da ledar.

Ban da zama abinci, suna da wani amfani a teku?

Suna da shi. Jariran kifi iri-iri, har da dangin wanda ake sayarwa a daskare da sunan kote, sukan fake a ƙarƙashin laimar, tsakanin zaruruwan, inda babban kifi ba ya son kai baki. Su samu mafaka, su kuma tsinci ragowar abinci. In kuma taron jelifish ya mutu, gawarwakin kan nitse da sauri zuwa ƙasan teku. A wani gwaji da aka yi a zurfin ruwan Nowe, an ajiye matattun jelifish gaban kyamara, ƙaguwoyi da sauran masu cin mushe suka share su cikin 'yan sa'o'i. Ta haka abincin sama ke isa ga na ƙasa.

To in haka ne, me ya sa masunta ke kuka da su?

Don komai in ya yi yawa ya ɓaci. A Japan akwai wata ƙatuwa da ake kira Nomura, faɗinta kan kai mita 2, nauyinta kilo 200. Daga ruwan da ke tsakanin Sin da Koriya take tasowa. A da sai a yi shekaru da dama ba a ga ambaliyarta ba, amma daga 2002 ta riƙa zuwa kusan kowace shekara na wani lokaci. Ka ɗauka kai ne ka jawo taru: nauyi ya ninka, ka ɗauka arziki ne, ya iso sai ka ga tulin majina, kifin da ke ciki ya mutu da dafi ko ya murƙushe, ba mai saye. A 2009 wani jirgin kamun kifi mai nauyin tan 10 ya kife a gaɓar Chiba garin jawo irin wannan taru, aka ceto mutum ukun da ke ciki.

A 2007 wani taro na ƙananan jelifish masu launin shunayya ya auka wa gonar kifin salmon a Ireland ta Arewa, ya kashe sama da 100,000. Tashoshin lantarki da ke zuƙar ruwan teku don sanyaya injina su ma suna shan wahala, don jelifish kan toshe matatar. A Disamba 1999 hakan ya jefa babban yankin tsibirin Luzon na Filifin cikin duhu, har wasu suka zaci juyin mulki aka yi. Ya faru a tashar nukiliya ta Oskarshamn a Suwidin a 2013, ya kuma faru a Gravelines ta Faransa a Agusta 2025, inda injina huɗu suka tsaya.

Gaskiya ne za su iya ƙwace teku daga hannun kifi?

Kalmar ƙwace ce ban yarda da ita ba. A duba Namibiya, don a nan Afirka ne misalin da ya fi kowanne fitowa fili.

Gaɓar Namibiya tana cikin ruwaye mafi albarka a duniya. Iska na tura ruwan sama zuwa tsakiyar teku, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa, tsirran filankton su yi ta yaɗuwa. Wannan shi ne yankin igiyar Benguela. Kifin sadin, irin na gwangwani, shi ne ke kiwo a wannan makiyaya, garke-garke, kowa kuma a kansa yake rayuwa: manyan kifaye, fengwin, tsuntsaye, da garin Walvis Bay da masana'antunsa. A 1968 an kama kimanin tan miliyan 1.4 na sadin a shekara guda. Ba a ɗauki lokaci ba, cikin shekarun 1970 kifin ya durƙushe, kuma aka shafe shekaru da dama bai miƙe ba. A 2018 gwamnatin ƙasar ta dakatar da kamun sa gaba ɗaya.

Makiyaya ba ta zama babu mai kiwo. Abincin da sadin ya bari, jelifish suka samu. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta nauyin jelifish a ruwan da tan miliyan 12.2, na kifi kuwa tan miliyan 3.6. Kuma da zarar sun yi rinjaye, sai ƙofa ta rufe daga ciki: su ne ke cin abincin da jariran sadin za su ci, su ne kuma ke cin ƙwan sadin ɗin. Tsirran da ba a kiwata ba suna mutuwa su nitse su ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar oksijin, har wani lokaci iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta taso daga laka ta kashe kifi. Jelifish kuwa tana jure ƙarancin oksijin fiye da yawancin kifaye.

A kudancin wannan igiya ɗaya, wajen Afirka ta Kudu, inda aka fi taka wa kamun ƙananan kifaye birki, ba a ga irin wannan mamaya ba. Ruwa ɗaya, iska ɗaya. Don haka ni a ganina jelifish ba ɓarauniya ba ce da ta fasa gida. Kango ta tarar ta shiga. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Yanzu me sauran dabbobin Namibiya ke ci?

Wani ɗan kifi da ba wanda ya damu da shi, gobi mai gemu, tsawonsa bai wuce yatsa da ɗan ƙari ba. A 2010 aka bayyana dabararsa. Da rana yakan kwanta a cikin lakar nan mai guba, inda babu iskar da mai farautarsa zai shaƙa, ya daure. Da dare ya taso ya shiga tsakanin jelifish, inda manyan kifaye ke shakkar bin sa. Kuma yana cin jelifish ɗin, yana cin lakar. Shi kuma kifin panla da kote da tsuntsaye su cinye shi. Ta hanyarsa abin da aka ɗauka ya salwanta yake komowa cikin zagayen.

Sai dai gobi ba sadin ba ne. Ba shi da maiƙo, tsuntsun da ya ciyar da 'ya'yansa da shi kamar wanda ya yaye yaro da ruwan kamu ne. Yawan fengwin da sauran tsuntsayen tekun Namibiya ya ragu ƙwarai tun bayan faɗuwar sadin.

An ce jiragen ruwa na kai su inda ba a san su ba?

Haka ne. Jirgin dakon kaya in ya sauke, yakan ɗibi ruwa a tankunansa don ya daidaita, ya je wata nahiya ya zubar. Da haka ake kyautata zaton wata halitta mai suna Mnemiopsis ta baro gaɓar Amurka ta shiga Baƙin Teku a farkon shekarun 1980. Ita ba jelifish ce ta asali ba, ba ta harbi, da danƙo take kama abinci, amma cimarsu ɗaya. Ta tarar an riga an kame manyan kifaye, takin zamani daga gonaki kuma ya cika ruwan. Zuwa 1989 ta mamaye ko'ina, kamun ɗan kifin da Turkawa ke kira hamsi ya faɗi warwas. Abin da ya kawo sauƙi shi ne zuwan wata baƙuwar a 1997, Beroe, wadda kusan ba ta da abinci sai Mnemiopsis. A 1999 kuma aka ga Mnemiopsis ɗin a Tekun Kasfiya.

Mashigin Suwez ma hanya ce. Ta nan wata mai suna Rhopilema nomadica ta shiga Bahar Rum a shekarun 1970, yanzu duk bazara sai ta kori masu wanka daga gaɓar gabashinsa.

Kenan suna ƙaruwa a duk duniya?

A wasu wurare, babu shakka. A duniya baki ɗaya kuwa, a yi hattara da kanun labarai. Wani babban nazari na 2013 da ya haɗa bayanan fiye da ƙarni guda ya nuna yawansu na hawa yana sauka ne, kusan duk shekara 20. Wanda ya fara lura a lokacin hawa zai rantse duniya ce za ta tashi. Abin da ya tabbata shi ne, inda aka kame kifi fiye da kima, aka zuba taki da ƙazanta, ruwa ya ɗumama ya yi duhu, an gyara wa mai farauta da taɓawa fili, an ɓata wa mai farauta da ido.

In ta harbi mutum fa?

Yawancinsu zafi ne da borin jini, kamar an zane ka da tsumagiya. A fito daga ruwa, a cire ragowar zaren da tsinke ko wani abu, ba da hannu tsirara ba, a wanke da ruwan teku. Kada a zuba ruwan sha, kada a goge da yashi, fitsari kuma da ake faɗa ba magani ba ne. Duk suna iya sa sauran ƙwayoyin su fashe. Jiƙa wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa na kimanin minti 20 yana rage raɗaɗi. Mai siffar akwati ta arewacin Ostireliya da kudu maso gabashin Asiya ita ce mai kisa cikin mintuna. A can ruwan khal, wato binega, ake kwarara wa wurin a kira motar asibiti. Duk wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, asibiti kai tsaye. Matacciya a kan yashi ma tana harbi, a hana yara wasa da ita.

Ana cin ta?

Sinawa sun fi shekara 1,000 suna ci. Ana jiƙa ta da gishiri da alif, wanda muke sa wa ruwa ya kwanta, na tsawon makonni har ta tsane ta yi ƙarfi, a yanka siri-siri a yi kwaɗo. Ba ta da wani ɗanɗano nata, gurus-gurus ɗin ake so. Masunta a jihar Jojiya ta Amurka da a Meziko suna kama ta don kasuwar Asiya. A mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, Hanafiyya kuwa kifi kaɗai suka yarda da shi. Masu cewa a cinye ta a huta sun manta da folif ɗin da ke manne ƙarƙashin gada, wanda taru ba ya kai wa gare shi.

Babbar kyautarta ga ɗan Adam ma ba a tukunya take ba. Daga jikin wata mai suna Aequorea victoria Osamu Shimomura ya ciro wani sinadari mai ƙyallin kore, wanda yau masu bincike ke liƙa wa ƙwayoyin halitta don su ga abin da ke gudana a cikinsu. Shi da Martin Chalfie da Roger Tsien suka karɓi kyautar Nobel a kansa a 2008.

Mu da ba mu da teku, akwai ta a ruwanmu?

Akwai 'yar ƙanwarta. Wata ƙaramar jelifish ta ruwan daɗi mai suna Limnocnida tana rayuwa a tafkuna da kogunan Afirka. A Tafkin Tanganyika aka fara bayyana ta. Faɗinta bai wuce na kwabo ba, fara garau, sai ruwa ya kwanta ake iya hango ta tana buɗewa tana rufewa. A 1960 wani masani mai suna J. Green ya wallafa bincike a kanta, kuma daga Kogin Sakkwato ya ɗebo nasa.